Sawun Zabuwa a Ɗakin Jiran Jirgi

Bulumkutu, Maiduguri,
Nuwamba, 1994.

Zuwa ga Yaya Rebeka,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da ɗanki Ya'akubu da iyalinsa a can Fatakwal. Ki yi mini haƙuri, zan dawo kan gaisuwa da labarin gida yadda ya kamata, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai, in ban fara da shi ba alƙalamin nan ba zai tafi ba. Ranar Talatar da ta wuce na tsaya a ɗakin jiran jirgi na ƙaramar tashar nan da ake kira Tashar Zabi, wadda ƙaninki ya yi aikin gininta tun kafin ya aure ni. Hantsi ya ɗaga, rana ta shigo ta hujojin bulon bango, ta zuba a kan daɓen siminti kamar garken zabi ya bi ta wurin, yatsu uku a gaba, ɗan guntu ɗaya a baya, jere-jere har bakin ƙofa. Ina kallon ƙasa sai na lalubi benci na zauna. Na san wannan zanen. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, a bakin murhu, wuta tana cinsa, a tsakar gidana, ranar da aka binne ƙanin naki, Baban Thomas. A nan na gane abin da kika aiko ɗan'uwanku Pindar ya ce in adana miki, na kuma gane abin da na yi da shi.

To, yaya jikin naki, Yaya? Yaya idon? Pindar ya ce mini na hagun ya rufe gaba ɗaya, na daman kuma inuwar mutum kawai kike gani. Kullum muna sa ki a addu'a a zumuntar mata ta coci, Allah ya kawo sauƙi. Na san Florence ce za ta karanta miki wannan takarda. Florence, 'yata, ina roƙonki kada ki tsallake ko layi ɗaya don ki rufa mini asiri, ki karanta wa surukarki duka yadda na rubuta. Mu nan muna lafiya daidai gwargwado. Thomas ya koma makarantarsa a Biu inda yake koyarwa, ƙanwarsa Rose tana tare da ni, ita ce take tilasta mini cin abinci. Gidan dai ya yi mini faɗi. Har yanzu in na ji ƙarar keke a bakin ƙofa da yamma sai in miƙe in ɗora ruwan wanka, sai na kai murhu nake tunawa babu mai wankan.

Lokacin da Pindar ya kawo mini ta'aziyyarki, ya ce kin ce in adana miki abin da Baba mahaifinku ya sassaƙa, mai zanen ƙwaryar Mama, za ki zo da Kirsimeti ki ɗora hannunki a kai, tunda ciwo bai bar ki kin zo kin ɗora hannu a kan akwatin ƙaninki ba. Na ce masa to, ya gaya miki yana nan lafiya. Ba ƙarya na yi niyya ba a ranar. Na ɗauka 'yar kujerar tsugunon nan ce ta ɗakina, domin ita ma daga gida aka kawo ta. Na wanke ta, na shafa mata man gyaɗa, na ɗora a kan kabad don kada kowa ya zauna. Na juya ta sama da ƙasa ban ga zane ba, sai na ce wa kaina wataƙila zama ne ya goge shi.

Ga yadda abin ya faru. Kin san a tsakiyar damina ya rasu. Ranar jana'iza an wuni ana ruwa, kananzir kuwa a lokacin ko na fitila ba a samu a gari. Gida ya cika da mutane, 'yan coci, abokan aikinsa, da 'yan'uwa da suka taso daga Biu da Garkida tun asuba ba su sa komai a baki ba. Itacen da aka sayo ya jiƙe sharkaf, ba ya komai sai hayaƙi. Ina zaune a ɗaki a kan tabarmar makoki sai maƙwabciyata Ya Kellu, wadda ta riƙe mini girkin ranar, ta leƙo idanunta jawur, ta ce ko akwai wani busasshen abu a gidan, ko da tsohon benci ne, don ruwan tuwo ya ƙi tafasa, kuma abin kunya ne baƙi su koma da yunwa. Yaya, ba wanda ya ambaci katakon nan. Ni ce na tuna da shi. Da bakina na ce akwai wani tsohon katako a ɗakin ajiya, naɗe cikin buhu, a bayan kwanon kwaɓa siminti, a ɗauko a faskara.

Tun da na shigo gidan nan nake share ƙarƙashinsa. Kowace shekara, kafin ruwa ya sauka, Baban Thomas yakan fito da shi ya zauna a gindin darbejiya, ya ba gida baya, ya shafe shi da baƙin mai, ya mayar cikin buhu. Ni daga nesa nake hango shi, kamar ƙaramin akwati marar murfi, baƙi ƙirin, mai ɓata hannu da zani. Zanen ashe a ciki yake. Na taɓa tambayarsa sau ɗaya muna sabon aure, ya ce kayan aiki ne na dā. Kin san ƙaninki, in ya ba ki kalma huɗu ya gama hirar ranar. Ni kuma na sa shi a layin cebur da cokalin gini, ban sake tambaya ba.

Man nan da ya daɗe yana sha shi ya sa ya kama kamar an zuba masa fetur. Da shi aka tayar da jiƙaƙƙen itacen, tuwo ya nuna, miya ta yi, kowa ya ci ya ƙoshi, har dattawan gidanku. Na fito zan zaga bayan gida sai na ga wani ɓari a bakin murhu bai gama ƙonewa ba, da yatsu uku a jikinsa sun yi ja. Na ce a raina ashe akwai ado a ciki, na wuce. Da yamma matan zumunta suna ta yaba mini, wai ko cikin hawaye hankalina yana kan baƙi. Na karɓi yabon, Yaya. Wannan yabon shi ne yanzu yake hana ni haɗa ido da su a coci.

Da ban taɓa sani ba sai don wata yarinya mai suna Kaltum. 'Yar garin nan ce, malama a jami'a, zanen gine-gine ta karanta. A watan jiya ta yi sallama a ƙofarmu da fara'arta, tana tambayar gidan Manasse Dzarma birkila. Da na gaya mata ya rasu sai ta tsuguna a wurin ta yi mini ta'aziyya irin ta masu tarbiyya, ta tafi ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba. Sai da ta sake dawowa ta bayyana mini. Ta ce tana rubutu ne a kan tashoshin jirgin ƙasa na layin nan namu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙananan duk kamar uwa ɗaya ta haife su, sai wannan ita kaɗai ta fita daban da bangonta mai hujoji. Tana so ta san daga ina zanen ya fito. Babban malaminta ya ce mata daga Indiya ne, don can ana irin wannan bango. Wani dattijo ya ce a'a, daga Sudan ne, alhazan da suka bi ta ƙasa suka gano shi a masallatan can. Ta je har Legas aka fito mata da takardar zanen ginin, ta ga tagogin gilashi ne aka zana, babu bulo mai huji ko guda. Da ta rasa abin kamawa, ta koma tashar ta zauna da wani tsoho, shi ne ya ce ta daina wahalar da kanta da Indiya, ta shigo nan cikin gari, Yerwa, ta nemi Manasse.

Ta roƙe ni in raka ta in ga wurin, ko zan tuna wani abu da ya taɓa faɗa. Na yarda, domin ban taɓa zuwa ba. Ta ɗauke ni a motar makarantarsu, tunda jirgi yanzu ba a sa masa rana. Tsohon kuwa Ba Kashim ne, dogo, hularsa ta koɗe, shi ne mai canza wa jirgi layi tun ranar da aka buɗe tashar. Ya daɗe da yin ritaya amma kullum yana wurin, wai gida jikoki sun hana shi jin tunaninsa. Da Kaltum ta ce masa ga matar Manasse, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ashe kurman nan ya samu mata, in gaya masa gaskiya da baki ya nemi aurena ko da hannu ya yi mini nuni. Na yi dariya, ta farko tun rasuwar. Sai da ya ji cewa ya rasu ya cire hularsa ya riƙe, ya ce Allah ya ji ƙan mutumin kirki.

Ba Kashim ya ce gilashin tagogin a babbar mota aka ɗauko shi daga kudu, kafin ya iso ya zama gari. Ranar buɗe layi ta matso, Baturen da ke kan aikin ya ce a toshe tagogin da bulo a bar 'yar kafa a sama. Leburori suka ce in an yi haka, da bazara sai dai a riƙa kwashe matafiya a dafe. Ƙaninki shi ne ƙarami a cikin birkiloli. Ya nemi izini ya tafi gida, kowa ya ɗauka ya gudu ke nan, domin a shekarar Mama ta rasu, kuma tun lokacin bai cika cin abinci ba. Ana nan sai ga shi ya dawo a ƙafa daga bakin titi, da wani abu a kansa naɗe da tsumma. Bai yi wa kowa bayani ba. Ya kwaɓa ragowar siminti, ya zuba a cikin abin da ya ɗauko, ashe katakon buga bulo ne, ya buga bulo ɗaya, ya ajiye a inuwa yana yayyafa masa ruwa. Da ya bushe Baturen ya ɗaga shi ya leƙa, ya busa hayaƙin tabarsa ta cikin hujin, ya ga ya fita ta ɗaya gefen, ya ce a buga na bango duka. Ba Kashim ya ce daga hasken nan na ƙasa sunan tashar ya samo asali, amma baƙi ba su sani ba, har wani maharbi ya taɓa sauka daga jirgi da bindigarsa yana tambaya ina zabin suke. Ya ce wanda ya sassaƙa katakon da inda aka samo zanen kuwa bai sani ba, don tambayar Manasse kamar tambayar bango ce.

Bayan wannan hirar ne muka shiga ɗakin jiran, na ga abin da na gani. Maganar Ba Kashim da saƙonki na bakin Pindar da ɓarin nan na bakin murhu suka haɗu mini wuri ɗaya. Kaltum ta ɗauka kukan kewa nake yi, ta zauna kusa da ni tana shafa mini baya tana cewa in yi haƙuri, Mama. Da na ɗan natsu ta nuna mini bangon gabas, inda reshen bishiya ya faɗa a wata damina ya rushe wani sashe, aka toshe da tsohon kwano. Ta ce in katakon yana nan, ba hoto kaɗai za ta ɗauka ba, za ta nemi a buga sababbin bulo da shi a gyara wurin, bangon ya koma yadda mijina ya bar shi. Ta tambaye ni ko na san inda yake. Yaya, na buɗe baki na ce zan duba. A gaban tsoho da yarinya, a cikin ɗakin da mijina ya gina, na ce zan duba abin da na san tokarsa ma ruwa ya tafi da ita. Ba Kashim ya yi murna, ya shiga bayan tasha ya ɗauko mini bulo ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗo bai fashe ba, ya ce in tafi da shi, ya fi dacewa da gidana a kan gindin bishiya. Na naɗe shi da mayafina, na rungume har gida.

Ya Kellu kaɗai na gaya wa. Ta dafe ƙirji, ta ce ai ita ta riƙe gatarin, in akwai laifi a raba biyu a ba ta babban rabo. Ta ce ta lura itacen yana da tauri da ja a ciki kamar maɗaci, har ta ce a ranta wannan ba na wuta ba ne, amma tukunya tana jira. Daga nan sai ta kawo shawara. Ta ce ga bulo a hannu, kafinta zai auna ya yi wani katakon, a shafe shi da baƙin mai a bar shi a rana ya sha, yayar marigayin ba gani take yi ba, malamar jami'a kuma ba ta taɓa ganin na farkon ba, kowa ya samu abin da yake so. Ta ce wannan ba cuta ba ce, tausayi ne, don me za a ƙara wa tsohuwa wani makokin. Kada ki ga laifinta. Matar nan ta bar gidanta ta kwana uku a nawa, kuma don ni ta faɗa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na tafi. Ranar Alhamis na hau bas da bulon a cinyata, na wuce Kasuwar Kifi, na sauka wurin 'yan katako na hanyar Baga, inda ba wanda ya san ni. Na samu wani kafinta na kwance masa mayafin. Ya juya bulon, ya sa ma'auni, ya ce aiki ne mai sauƙi. Sai ya nuna mini da fensir, ya ce wanda ya yi na farkon hannunsa ya goce, yatsan tsakiya ya karkace ya kuma fi sauran gajarta, amma kada in damu, shi zai miƙe mini shi tsaf. Na sa ɗan yatsana a cikin hujin na bi shi, na ji karkacewar. Na tuna a tashar ma haka hasken yake a ƙasa, kowane sawu da ɗan yatsansa a karkace, kamar zabuwa ɗaya ce mai ɗingishi ta zaga ɗakin duka. Sai na gan ki a zuciyata, kin zo tun daga Fatakwal, kin zauna a tabarmata, na miƙa miki katakon ƙarya, kin sa yatsa kina neman wurin da kika sani. Ko da na ce masa ya bar karkacewar yadda take, ai ba gizagon Baba ne ya yi ta ba. Na ce wa kafintan na fasa. Ya ce ko tsada ce a sasanta, na ce ba ita ba ce. Na naɗe bulona na dawo.

Don haka ga gaskiyar, Yaya. Abin da Baba ya sassaƙa babu shi. Ni na sa aka ƙona, ba ɓarawo ba, ba gara ba. Ƙaninki ya kiyaye shi tun yana saurayi, ni ban kiyaye shi ba ko na wuni ɗaya bayan an rufe shi. Duk abin da kika ga ya dace ki faɗa mini, ki sa Florence ta rubuta yadda kika faɗe shi, zan karanta, ba zan ce ya yi zafi ba.

Amma ina da roƙo. Yanzu ke kaɗai kika rage a cikin waɗanda suka ga ranar da aka yi shi. Ki ba da labarin a rubuta. Me ƙaninki ya ce wa Baba da ya iso gida? Ƙwaryar Mama wace ce, ta shan fura ce ko ta aurenta, kuma da wane suna take kiran zanen da yarenku? Yatsan nan da ya karkace, hannun Baba ne ya goce, ko haka yake a jikin ƙwaryar ya bi shi da gangan? Kaltum ta zaga Legas da littattafan Indiya tana neman amsa, ashe amsar tana bakinki. Ina so in ta rubuta, sunan Mama da na Baba su shiga, ba na Baban Thomas kaɗai ba. Kuma in zuciyarki ta yarda, kada ki fasa zuwa Kirsimeti saboda ni. Zan nemi mota in kai ki tashar da hantsi. Ba za ki ga hasken ba, amma bangon bai fi tsayinki ba daga inda hujojin suka fara, za ki sa hannu ki bi su ɗaya bayan ɗaya har ki gaji. In kuma ba kya son sauka a gidana, Pindar ya ce ɗakinsa na unguwar Jiddari Polo a buɗe yake.

Ki gaishe mini da Ya'akubu, ki ce na gode da ɗawainiyar da ya yi lokacin rasuwa. Florence, sannu da karatu, ki yafe mini rubutuna, ajina bai yi nisa ba. A shafa mini kan yara, musamman takwaran Baban Thomas. Rose tana gaishe ku duka, Ya Kellu ma ta ce lallai in sa gaisuwarta, ta ce kuma in gaya miki ita ta riƙe gatarin. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Kaltum za ta dawo ranar Asabar da kyamararta, ban gaya mata ba tukuna. Thomas ma bai sani ba. Bulon yana ɗakin ajiya a cikin buhun da katakon yake, ba zan kai wa kowa ya kwaikwaya ba sai na ji daga bakinki, bangon gabas kuma har yanzu kwano ne a jikinsa.

Ni ce matar ƙaninki,
Dorothy Manasse.